Takwara a Tsakar Gida, Takwara a Allon Gwamnati

Idan ka ji ana kiran yaro Abba, ko Baffa, ko Abbati, da wuya ya zama sunansa na yanka ke nan. Haka ma yarinyar da ake ce wa Ummi ko Walida, ko wadda ta zama Hajiya tun tana rarrafe. Sunan kaka aka mayar. Uwa kuwa ba za ta tsaya a tsakar gida ta ƙwala wa sunan surukinta kira ba, balle ranar da yaron ya yi ɓarna ta haɗa sunan da daƙuwa. Sai a sakaya. Sunan na nan a ajiye, ranar shiga makaranta ko ɗaurin aure a fito da shi.

Wannan ita ce tsohuwar hanyar da Bahaushe ya sani ta karrama mutum, kuma ba da ka ake yinta ba. Ran suna da sassafe an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, farantin goro da dabino yana zagayawa, liman ya shafa fatiha, maroƙi ya ɗaga murya ya faɗi sunan har na ƙarshen layi ya ji. Kafin a gama feɗe rago an aika wa mai sunan cewa an yi masa takwara. Daga ranar nan yaron ya shiga lissafinsa. Zai aiko wa mai jego turmin atamfa da 'yan kayan jariri, mai hali ma shi zai sayi ragon. Salla ta zo, akwai ɗinkin takwara. In mace ce, wata mai sunan tana jiran yaye ta ɗauke ta ta riƙe, ranar aure kuma ita ce kan gaba wajen kayan ɗaki. Wanda aka yi wa takwara ya yi ko oho, to ya shiga bakin dangi, kuma da wuya a ƙara yi masa. Shi ma uban yaro sai ya yi nazari kafin ya zaɓa, domin addu'ar da ake yi ita ce Allah ya raya, ya sa ya ɗauko halin mai sunan. Wa zai so ɗansa ya ɗauko halin mazambaci?

Abin yana da tushe a addini. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa wa ɗansa sunan Annabi Ibrahimu, Musulmi kuma suka ɗore da sunayen annabawa da sahabbai da iyalan gidan Manzo. Sunan ma yakan zo da rakiyarsa: Abubakar Siddiƙu ne, Umaru Faruƙu, Aliyu Haidar, Hadiza Kubura. A ƙasar Hausa kuwa Usman ya sami ƙarin laƙabi na gida. Kowane Usman Shehu ne, albarkacin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya rasu a 1817. Shugaban ƙasa Shehu Shagari ma Usman ne sunansa na yanka. Haka Bello ya bazu saboda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, Tijjani da Inyasi da Jilani kuma suka shigo ta ƙofar ɗariƙu. Wani sunan har shekarun mai shi yake tonawa. Ka haɗu da Murtala mai furfura jefi-jefi, ka ce wajejen 1976 aka haife shi, zamanin Janar Murtala, ba kasafai za ka kuskure ba. Saddam kuwa sa'an yaƙin Tekun Fasha ne na 1991.

Garuruwa ma da yawa takwarorin mutane ne. Labarin baka ya ce Zariya sunan ƙanwar Sarauniya Amina ne, Bauchi kuma daga wani maharbi ne da ake kira Baushe. Amma wanda ya fi daɗin bibiya shi ne na Abuja. Lokacin jihadi, gidan sarautar Haɓe na Zazzau ya bar Zariya ya yi kudu ƙarƙashin Muhammadu Makau. Bayan rasuwarsa ɗan'uwansa Abubakar ya gaje shi, wanda ake ce wa Abu Ja, an ce saboda hasken fatarsa. Shi ya kafa gari a 1828, garin ya ci sunansa. Da gwamnatin Janar Murtala ta yanke shawarar ɗauke babban birnin tarayya daga Legas a 1976, sai sabon birnin ya karɓe sunan, tsohuwar Abuja ta koma Suleja, daga sunan sarkinta na lokacin, Sulaimanu Barau. Yau Abu Ja yana kan tikitin jirgi, yana bakin jakadun duniya, amma tare mutane a kasuwar Wuse ka tambaye su ko wane ne shi, ka ga in za ka sami amsa.

Turawan mulkin mallaka su ma sun yi nasu raɗin, ba tare da sun shawarci masu ƙasa ba. Fatakwal da muke faɗa, Gwamna Lugga ne ya sa mata sunan Lewis Harcourt, sakataren Ingila mai kula da ƙasashen mallaka, a 1913. Babban birnin Chadi a da Fort-Lamy ne, sunan hafsan Faransa da ya mutu a yaƙin Kusuri na 1900, yaƙin da Rabe ma ya kwanta dama a cikinsa. Sai a 1973 birnin ya koma N'Djamena. A Yamai, har zuwa Oktoban 2024 akwai babban titi mai sunan Charles de Gaulle. Mahukuntan soja suka cire shi suka sa Djibo Bakary, jagoran jam'iyyar Sawaba, mutumin da ya nemi 'yan Nijar su ce wa de Gaulle ɗin nan a'a a ƙuri'ar raba gardama ta 1958. Ƙuri'a ta kayar da shi a wancan lokaci, bayan shekara 66 allon titi ya ba shi gaskiya.

Da aka sami mulkin kai, wuƙa da nama suka dawo hannun gwamnatocinmu. An buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya a 1962, mai sunan, Sardauna, yana raye yana Firimiya. A 1988 Jami'ar Sakkwato ta koma Usmanu Danfodiyo, ta Bauchi ta koma Abubakar Tafawa Ɓalewa. Malam Aminu Kano ya sami filin jirgin sama da asibitin koyarwa. A Nijar akwai Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai, da Dan Dicko Dankoulodo a Maraɗi, da André Salifou a Damagaram. Mata ne dai sai an laluba: Kwalejin Sarauniya Amina a Kaduna, asibitin Hajiya Gambo Sawaba a Zariya, makarantu masu sunan Nana Asma'u, da 'yan kaɗan irinsu, alhali a gida ba a taɓa yi wa kaka mace rowar takwara ba.

Ban ga aibun wannan karramawa ba. Aibun shi ne gwamnati ta ɗauki raɗin suna daga al'ada, ta bar ɗawainiyar da ke biye da shi.

Ɗauki Jami'ar Bayero. Mutane da dama, har da waɗanda suka yi karatu a cikinta, sun ɗauka sunan marigayi Sarki Ado ne. Ba shi ba ne. Makarantar ta fara a 1960 da sunan Kwalejin Ahmadu Bello. Da aka kafa jami'a a Zariya da wannan suna a 1962, sai ta Kano ta koma Kwalejin Abdullahi Bayero, don tunawa da Sarkin Kano Alhaji Abdullahi Bayero wanda ya yi sarauta daga 1926 zuwa 1953. A lokacin Ado bai ma hau karaga ba, sai a 1963. Ta zama cikakkiyar jami'a a 1977. Haka mai jinya zai yi mako a Asibitin Barau Dikko na Kaduna, ya fita bai san cewa mai sunan shi ne likitan farko daga Arewacin Nijeriya, kuma ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa ba. Ɗalibi zai gama Jami'ar Sa'adu Zungur bai taɓa jin ɗango ɗaya daga waƙoƙin Malam Sa'adu ba. A gida, yaron da ya ci sunan kakansa yana tasowa ana cika masa kunne da labarin kakan, yadda yake saukar baƙi, yadda ba ya cin bashi. Ginin gwamnati ba shi da goggo ko baffa da za su yi wannan aiki, kuma ba a ɗora wa kowa ba.

Sannan ga kula. Kowa ya san irin makarantar da za ka tarar da sunan bawan Allah an rangaɗa shi a ƙofa da manyan baƙaƙe, ka leƙa ciki ka ga yara a zaune a ƙasa, iska ta yaye kwano tun daminar bara, allo ya koɗe har alli ba ya kamawa. Iyalan mai sunan in sun bi ta wurin sai su kau da kai. Wannan ba karramawa ba ce, tozarci ne da fenti.

Abin da ya fi tayar da ƙura a 'yan shekarun nan shi ne sauya sunan da ya riga ya zauna. Ranar 29 ga Mayu, 2012, Shugaba Goodluck Jonathan ya sanar da mayar da Jami'ar Legas zuwa Jami'ar Moshood Abiola. Ɗalibai suka fantsama kan titi, tsofaffin ɗalibai suka garzaya kotu, maganar ta bi ruwa. Ba Abiola suka ƙi ba. Sunan da ke kan takardar shaidarsu suke karewa. Da Shugaba Buhari ya sa wa babban filin wasa na Abuja sunan Abiola a 2019, ba a ga irin wancan bore ba. A Kano, Jami'ar Northwest da aka kafa a 2012 ta koma Jami'ar Yusuf Maitama Sule bayan rasuwar mai sunan, Ɗanmasanin Kano, a 2017, sannan gwamnatin da ta biyo baya ta maido da tsohon sunan a 2024. Wa da ƙane sun yi makaranta ɗaya, takardunsu na ɗauke da suna biyu, kowa sai ya yi bayani a wurin neman aiki. Shi kuma dattijon da bai roƙi kowa ba, an sa sunansa a tsakiyar ja-in-jar 'yan siyasa yana kabari. A Yulin 2025, kwanaki kaɗan bayan rasuwar Buhari, aka sanar da sa wa Jami'ar Maiduguri sunansa, nan ma malamai da tsofaffin ɗalibai suka ce ba su yarda ba. Shawarar da aka yanke ana cikin zaman makoki, ba a tambayi masu wurin ba, haka take ƙarewa.

Wani abin da masu mulki ke mantawa shi ne, su suna da ikon rubuta allo, amma bakin jama'a ba a hannunsu yake ba. A takarda, kasuwar Sabon Garin Kano sunan Muhammadu Abubakar Rimi take ɗauke da shi. Ka tsayar da mai Adaidaita Sahu ka ce ya kai ka kasuwar Abubakar Rimi, sai ya ɗan yi jim kafin ya ce, “Sabon Gari kake nufi, Alhaji?” Asibitin da aka sa wa sunan Kanar Muhammadu Abdullahi Wase, gwamnan soja da ya rasu a haɗarin jirgin sama a 1996, har gobe Asibitin Nasarawa ne a bakin Kanawa. Amma Asibitin Murtala ya zauna daram, tsohuwa daga ƙauye ma haka za ta faɗa. Da aka fitar da takardar naira ashirin mai hoton Janar Murtala a 1977, karo na farko da ɗan Nijeriya ya hau kan takardar kuɗin ƙasar, mutane da kansu suka riƙa kiranta Murtala, ba wanda ya umarce su.

Jama'a ma suna da nasu raɗin da ba ya bi ta majalisa. Hular da ake ce wa Zanna Bukar daga Zanna Bukar Dipcharima ta samo suna, ɗan siyasar Barno kuma minista a Jamhuriya ta Farko, ga shi har yau ango ba ya cika ango sai da ita. Ƙarin albashin tsakiyar shekarun 1970 ya zama Udoji, sunan shugaban kwamitin da ya ba da shawarar. Wani raɗin kuwa habaici ne: murhun da mata suka koma wa lokacin tsananin ƙarancin kananzir a shekarun 1990, Abacha suka sa masa, kuma sunan ya bi shi. Babban filin wasan Kano da ke Ƙofar Mata ma Sani Abacha ne. Mutum ɗaya, gwamnati ta yi masa takwara, matan gida ma sun yi masa tasu.

Saboda haka gwamnan da ke son karrama wani, ya gina sabon abu ya sa masa, ya bar wanda ya riga ya yi suna da guminsa. Ya bari hawaye su bushe tukuna, ya ji ta bakin ma'aikata da ɗalibai da mutanen unguwa. In shi kansa yake so a tuna, ya bar wa na baya su yanke, don sunan da mutum ya liƙa wa kansa yana kan kujera, magajinsa ne ke fara kankare shi. Kuma duk ginin da aka ɗora wa sunan mutumin kirki, a ware masa kuɗin gyara a kasafi kowace shekara.

Shugabannin makarantu da asibitoci da kasuwanni kuma ba sai sun jira gwamnati ba. Ku kafa ɗan allo a bakin ƙofa, da Hausa da Turanci ko Faransanci, har da ajami in da hali: wane ne mai sunan, yaushe ya rayu, me ya yi wa mutane. Layi goma ya isa. Kuɗinsa bai kai na hayar rumfuna da kujerun da ake zubawa ranar bikin sauya suna ba.