Daga Attantane zuwa Bilma: hanyar da hatsi ke bi ya komo gishiri

Makiyayi a Attantane, cikin gundumar Mayahi, ya san kantun gishiri tun yana yaro. Yana sayensa a kasuwa, ya fasa, ya ajiye wa shanu da tumaki su lasa. Ba kowa ne ke tambayar inda kantun ya fito ba, alhali kuwa hatsin da ake nomawa a wannan yanki, daga Mayahi har Tasawa, yana cikin abin da ya daɗe yana biyan kuɗinsa. Ƙasar gishiri ba ta noma hatsi, ƙasar hatsi ba ta da gishiri, tsakaninsu kuma akwai Tenere, hamadar da faɗinta ya kai murabba'in kilomita 400,000.

Matafiyin da ya ƙudura ganin tushen abin sai ya fara haurawa Agadas. Daga can zuwa Bilma, a ƙasar Kawar, kimanin kilomita 600 ne gabas, kuma ba kowane wata ake shiga ba. Mutanen Bilma, Barebari da Tubawa, suna aikin gishiri a watannin zafi, lokacin da rana ke saurin shanye ruwa. Baƙi kuwa sai Oktoba ko Nuwamba suke isowa, bayan raƙuma sun ƙoshi da ciyawar damina, dabinon Kawar ya nuna, zafi kuma ya sassauta.

Ayarin Buzaye, irin na Kel Ewey da Kel Geres, ya fi kowa sanin wannan lissafi. Kafin a tashi daga duwatsun Abzin sai an yanki ciyawa an ɗaure dammuna, domin babu abin da raƙumi zai ci a gaba. Ana ajiye wasu dammunan a hanya saboda dawowa, kuma ba mai taɓa na wani. Madugu ne ke gaba. Da rana yana duban inuwa da yadda iska ta kwantar da rairayi, da dare yana bin taurari. Ana tafiya tun safe har dare ya raba, ba a yada zango don cin abinci, tunda sauke ɗaruruwan raƙuma da sake ɗora musu kaya zai cinye yinin. Hatsin da aka daka da dabino da cuku ake damawa a sha ana tafe. Har shayi a tafe ake dafa shi, mutum na riƙe da ɗan murhun gawayi a hannu.

Da dare kuma sanyi ne mai ratsa ƙashi. Wanda ya ɗauka hamada zafi ce kawai, ya bar bargo a gida, zai gane kurensa tun daren farko.

Akwai alamar da ayari kan nema: Bishiyar Tenere, wata ƙaya da ta tsaya ita kaɗai kusa da rijiya a tsakiyar fili. A 1973 wani direban babbar mota ya banke ta, a wurin da ba komai sai sarari ta ko'ina. Kututturenta yana gidan tarihi na Yamai, an kafa ta ƙarfe a madadinta. Daga nan sai Fachi, wadda ita ma ke da dabino da gishiri, sannan Bilma.

Ramukan gishirin suna Kalala, a bakin garin. Wuri ne da ruwan sama kan yi shekara bai sauka ba, amma ruwan ƙasa yana kusa, yana kuma ratsa gishirin da ke kwance a ƙarƙashi. Sai a haƙa rami, ruwan ya tsattsafo, rana ta yi aikinta. Ɓawo yakan taru a sama, ma'aikata su farfasa shi ya nutse, wani ya sake taruwa. Ruwan ramukan wani ja, wani rawaya, wani kore-kore, kewaye da tsibin ƙasar da aka daɗe ana haƙewa. Mai kyaun, fari, shi ne beza, na miya. Sauran a cuɗa shi da ƙasa mai gishiri, a ɗura cikin kututturen dabino da aka rarake, a kife ya bushe. Shi ne kantu, mai nauyin kilo 20 ko fiye. Raƙumi kan ɗauki huɗu zuwa shida, a nannaɗe cikin tabarmin kaba, irin kabar da ta ba Gulbin Kaba na Mayahi sunansa.

Idan ya dawo daga Bilma, ayarin ba ya zama a Abzin. Bayan ɗan hutu sai ya gangaro kudu, Damargu, Tasawa, Maraɗi, wani har Kano, a sayar da gishiri da dabino a sayi hatsi. Raƙuma su ci karan gonaki bayan girbi, su bar wa manomi taki. Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ayarin gishiri ya biyo daga Abzin, ya shiga Tasawa a Janairun 1851. A farkon ƙarni na 20 an ga ayari mai raƙuma kusan 20,000. Farin 1973 da na 1984 sun kashe raƙuma masu yawa, tawayen arewa ya sha datse hanya, manyan motoci kuma sun karɓe kaso mai tsoka na cinikin. Duk da haka raƙumin bai ajiye aiki ba, saboda ba ya shan mai, ba ya kuma neman bakanike a tsakiyar rairayi.

Wanda Bilma ta yi wa nisa yana iya zuwa Tegidda-n-Tesemt, arewa da Ingal, inda ake tace gishiri daga laka a ɗaruruwan ƙananan tafkuna. Can ma aikin rani ne. Da damina filin ya zama taɓo, mota ba ta shiga. A Satumba kuma Fulani da Buzaye ke taruwa a Ingal don dabbobi su sha ruwan gishiri.

Mai niyyar Bilma yau, a mota zai tafi, cikin jerin gwanon da sojoji ke rakawa daga Agadas zuwa Dirku, a ƙasar Kawar. Ya tafi da sanyi, ya ɗauki ruwa fiye da lissafinsa, ya riƙe takardunsa, ya tambayi hukuma halin da hanya ke ciki kafin ya biya kuɗin mota. Direban da ya ce zai kai shi da mota guda ta wata gajeriyar hanya, kada ya hau.