Wa Ya Mulki Gazawa da Tibiri Kafin Zuwan Faransa?

Ana ta yaɗawa a majalisun shayi, yanzu kuma har a WhatsApp, wai tun farkon ƙarni na 19 ƙasar Agye, Gazawa da Gidan Rumji take hannun Faransa. Ba haka ba ne. Yaƙin mamaya bai iso nan ba sai 1899, da rundunar Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine ta ratso tana ƙone garuruwa. Labarin ta'asarsu kam gaskiya ne. Ko nasu ba su bari ba: a Ɗankori, kusa da Tasawa, Voulet ya sa aka harbe Kanar Klobb, wanda gwamnatinsu ta turo ya tsayar da shi, ran 14 ga Yuli. A takarda ma, yarjejeniyar 1898 ta bar Maraɗi da Tibiri a kason Ingila. Gyaran 1904 da na 1906 ne ya mai da su hannun Faransa.

Wasu kuma su ce to ai Sakkwato ce ke mulki. Nan ma an kauce. Da masu jihadi suka ci Katsina a 1807, gidan sarautarta ya yi arewa, Ɗan Kasawa ya kafa gadonsa a Maraɗi wajen 1819. Gobirawa kuwa, bayan kashin da suka sha a hannun Sakkwato a Gawakuke a 1836, Mayaƙi ya tattara su ya gina Tibiri. Waɗannan sarakuna, musamman Ɗan Baskore na Maraɗi, da Sakkwato da Katsina sai takobi. Matafiyin nan Bajamushe, Barth, ya sauka Gazawa a Janairun 1851, ya tarar da gari zagaye da kafi, tsakaninsa da Katsina kuwa daji ne da fatake ke ratsawa rai a hannu. Ashe tun kafin Bature ya ja layi akwai iyaka a wurin, ta yaƙi.

Zancen cewa mutanen nan arna ne zalla, rabin gaskiya ne, kuma bakin abokan gaba ya fi yaɗa shi. Sarakunan Musulmi ne, da limamai da malamai a fada. Amma bori na da kujerarsa: Iya a Maraɗi, Inna a Tibiri, Anna kuma, wato masu addinin gargajiya, na yin tsafinsu a ƙauyuka. Kamun bayi fa? An yi, kowane ɓangare ya kai hari ya kama, kada mu ɗora wa maƙwabci shi kaɗai.

Duk wanda ya sake turo maka wancan saƙo, ka tambaye shi wane Bature ne ya naɗa Ɗan Baskore.