Daga Gangar Noma Zuwa Kiɗan DJ: Me Samari Ke Nema a Fagen Rawa?

A ƙasashen Ikara, Makarfi da Kudan, da zarar kuɗin rake, masara da tumatir sun shigo hannu, sai bukukuwan aure su kankama. A yau DJ ne ke riƙe da fili da janareto da manyan sifiku, samari na shiga ɗaya bayan ɗaya, kowa na gwada salonsa. Dattawa da yawa na kallon abin a matsayin lalacewa zalla. Amma buƙatar da ke kai saurayi tsakiyar fili daɗaɗɗiya ce: yana so a gan shi, a san da zamansa, a yaba masa.

Bahaushe bai taɓa raba kiɗa da mazantaka ba. Gangar noma ce ke zuga samari a gayya, kowa na son ya riga kai ƙarshen kunya. 'Yan tauri da wuƙaƙensu suke taka rawa, ɗan dambe kuma sai an kaɗa masa take jininsa ke tafasa, kamar yadda makaɗi Ɗan Anace ya riƙa wasa ɗan dambe Shago. Kayan kiɗan ne suka sauya. Tun ƙarshen shekarun 1990 fiyanon Yamaha ya mamaye situdiyoyin Kano, waƙoƙin finafinai irin su Sangaya suka shiga gidaje, sannan Adam A. Zango ya nuna wa samari cewa namiji na iya yin suna da rawa. Zuwan waya da TikTok ya ƙara wa abin sauri, har salon da aka fito da shi a Kano ko Legas kan iso Hunkuyi ta ƙasar Kudan kafin mako ya zagayo.

Masu cewa rawa ta mata ce tarihin gayya da tauri ya ishe su amsa. Ƙorafin malamai da iyaye ya fi nauyi, domin cakuɗuwar maza da mata, shaye-shaye, faɗan daba da hana maƙwabta barci duk suna faruwa a wasu wuraren. Sai dai tushen ɓarnar shi ne rashin mai tsawatawa da rashin aikin yi. A da, dandali na da sarkin samari, yana da lokacin tashi, kuma kirarin da ake yi wa saurayi gumi ne ya sayo masa shi. Yanzu wanda bai riƙe fartanya ko sana'a ba, rawar kaɗai ta rage masa ya nuna kansa, shi ya sa yake wuce gona da iri. Hani kawai zai kora taron ne zuwa bayan gari, inda babu idon babba.

Don haka masu unguwanni, malamai da ƙungiyoyin matasa su zauna da masu DJ, a tsayar da lokacin tashi, a raba fili, a kori masu ƙwaya da makami. Sama da komai, a buɗe wa samari hanyoyin sana'a da wasanni, domin wanda ake yabo da aikinsa ba ya zubar da mutuncinsa don neman tafi.