Fadar Rozmberk da Fatalwar Farar Mace: Tsakanin Tarihi da Almara

A kudancin ƙasar Bohemiya, wadda a yau take cikin Jamhuriyar Cek, kusa da iyakar Ostiriya, akwai wata tsohuwar fada mai ganuwa da aka kafa a kan wani dogon dutse wanda kogin Vltava ya kusa kewayewa. Sunanta Rozmberk. Abin da ya fi jawo mata suna shi ne labarin wata fatalwa da ake kira Farar Mace. Manufar wannan lacca ita ce a ɗora labarin a kan ma'aunin tarihi, domin a ga abin da almara ta riƙe game da matar da ake dangantawa da fatalwar, da abin da ta zubar.

Asalin fadar

An fara ambaton Rozmberk a rubuce a shekarar 1250. Wani reshe na zuriyar Vitkovci ne ya gina ta, daga bisani kuma reshen ya ɗauki sunanta, da tambarin jan fure mai kunnuwa biyar. A wancan zamani gini a kan dutse ba ado ba ne: daga sama ake hango abokan gaba, ake kuma tsare hanyar fatake da ke bin kwarin kogin. Ko da yake a farkon ƙarni na 14 masu gidan sun mai da mazauninsu Krumlov, sunan Rozmberk bai rabu da su ba, har suka zama gidan da ya fi kowane ƙarfi a Bohemiya in ban da na sarki.

A shekarar 1522 gobara ta cinye sashen sama na fadar, ba abin da ya rage sai wata doguwar hasumiya mai suna Jakobinka. Zuriyar ta ƙare da mutuwar Petr Vok a 1611. A 1620 fadar ta koma hannun gidan Buquoy, waɗanda suka riƙe ta har 1945, lokacin da gwamnati ta karɓe ta.

Abin da almara ta faɗa

An ce da dare wata mace mai fararen tufafi, da tarin mabuɗai a ƙugunta, takan yi yawo a ɗakunan fadar. Ba ta cutar kowa, sai dai zuwanta ishara ce. Idan aka gan ta da farar safar hannu, to, alheri na tafe, kamar haihuwa ko aure. Idan baƙa ce, mutuwa ta kusato gidan.

Labarin da ya fi shahara shi ne na Petr Vok, wanda aka haifa a 1539. An ce yana jariri takan zo ta yi renonsa idan barci ya kwashe masu reno. Wata rana wata sabuwar mai reno ta farka ta gan ta, ta daka mata tsawa. Fatalwar ta fusata, ta shige cikin bango, ba ta sake zuwa wurinsa ba. Da ya girma aka ba shi labari, ya sa aka fasa bangon, aka tarar da dukiya. Har ila yau ana ba da labarin fitowarta a Krumlov da Trebon da Telc da Jindrichuv Hradec.

Abin da tarihi ya tabbatar

Matar da ake cewa ita ce fatalwar ta rayu da gaske. Sunanta Perchta, 'yar Oldrich na Biyu, shugaban gidan Rozmberk, kuma an haife ta wajen 1429. A 1449 uban ya aurar da ita ga Jan na gidan Lichtenstein, mai mulkin Mikulov a ƙasar Morabiya, ba da son ranta ba. Bisa al'adar manyan Turai, uban amarya ne yake haɗa ta da dukiya mai yawa, wani abu mai kama da gara, sai dai tasu yarjejeniya ce ta kuɗi a rubuce. Oldrich, wanda yaƙe-yaƙe da mabiya Jan Hus suka raunana tattalinsa, bai biya a kan kari ba, mijin kuwa ya huce haushinsa a kan matar.

An san wannan ne domin wasiƙun da ta aika wa ubanta da 'yan'uwanta maza suna nan a adane. A cikinsu tana kukan wulaƙanci daga miji da danginsa mata, da rashin abin biyan bukata, da bashin da ya hau kanta, tana roƙon a cece ta. Mijin ya mutu a 1473. Almara ta ƙara da cewa ya nemi gafararta a gadon mutuwa, ta ƙi, shi kuwa ya tsine mata, watau abin da ya hana kurwarta kwanciya ke nan. Ita kanta ta mutu a 1476 a birnin Biyana, can kuma aka binne ta, nesa da Rozmberk.

Yadda aka haɗa su

Wanda ya ƙulla Perchta da fatalwar a rubuce shi ne Bohuslav Balbin, malamin tarihi kuma limamin ɗariƙar Jesuit, wanda ya rayu daga 1621 zuwa 1688, watau kimanin shekara 200 bayan mutuwarta. Labarin farar mace mai yi wa gidan sarauta ishara da mutuwa ba na Bohemiya kaɗai ba ne, domin akwai irinsa a gidan Hohenzollern na Jamus. Daɗin daɗawa, a tatsuniyoyin mazauna duwatsun Alps akwai wata tsohuwar halitta mai suna Perchta, sunan da ake fassarawa da mai haske. Saboda haka rigar tana nan tun da can, sai aka sami wadda za a sanya wa.

Kammalawa

A nan ne darasin yake. Almara ta ceci sunan Perchta daga mantuwa, amma ta juya labarinta. Matar da danginta suka yi jinkirin share wa hawaye tana da rai, ita aka mayar mai gadin gidansu bayan ta mutu, tana renon jikokinsu, tana ɓoye musu dukiya. Laifin kuwa duk aka jibga wa mijin, aka manta da uban da ya ƙulla cinikin. Wannan ba dalili ba ne na yin watsi da almara, domin ita ma shaida ce ta yadda mutanen baya suka so a tuna da gidan. Sai dai wajibi ne mai nazari ya ajiye ta a gefen takardu, ya saurari kowanne. Wanda ya hau dutsen Rozmberk neman fatalwa, da wuya ya ji motsinta. Muryar Perchta tana cikin wasiƙunta.