Ciwon Kumburin Hanji da Jijiyoyin Ruwan Jiki

A ƙasar Matamaye, cikin jihar Damagaram, mutumin da ya yi fama da zawo mai jini yakan ce atuni ne, ya nemi jiƙo ko ƙwayoyin masu talla. Sau da yawa atunin ne kuwa. Amma akwai zawon da kan yi watanni yana tafiya yana dawowa, tare da murɗar ciki da zazzaɓi da rama. Cikin abubuwan da ke kawo irinsa har da ciwon kumburin hanji. Iri biyu ne: ciwon Crohn, da gyambon babban hanji. Ba a ɗaukarsa daga wani. Garkuwar jikin mutum ce ke juyowa ta yaƙi hanjinsa.

Kafin a gane wannan ciwo sai a san cewa jiki na da jijiyoyi waɗanda ba jini ke bin su ba. Wani ruwa ne garai-garai ke gudana cikinsu. Aikinsu shi ne kwashe ruwan da ya tsatso daga jini ya kwanta cikin nama, su bi da shi ta kaluluwa inda ake tace ƙwayoyin cuta, sa'an nan su mayar da shi cikin jini kusa da wuya. A hanji kuma suna da ƙarin aiki, don su ne ke ɗaukar maiƙon abinci. Mahauta sun san kitsen da ke riƙe da hanjin dabba, da ƴan ƙulle-ƙullen da ke cikinsa. Ƙulle-ƙullen nan kaluluwa ne, jijiyoyin kuwa ta nan suke ratsawa. Wani likitan Italiya, Gaspare Aselli, shi ya bayyana su a shekarar 1622, lokacin da ya buɗe cikin karen da bai daɗe da cin abinci ba, ya ga fararen zare cike da ruwa kamar madara.

Abin da toshewar irin waɗannan jijiyoyi ke haifarwa ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Ciwon tundurmi ke nan: tsutsar da sauro ke sa wa mutum ta zauna cikin jijiyoyin ruwa ta ɓata su, ƙafa ta kumbura ta yi kauri. Ciwon Crohn ba shi da tsutsa, amma likitoci sun ga abu mai kama da haka a bangon hanji. A 1932 Burrill Crohn da abokan aikinsa biyu suka bayyana ciwon a birnin New York na Amurka. A 1936 waɗansu likitoci biyu, Reichert da Mathes, suka toshe jijiyoyin ruwa na hanjin karnuka da gangan, sai hanjin ya kumbura ya yi kauri kamar na masu ciwon.

Yau an san cewa a hanjin mai ciwon Crohn jijiyoyin sukan yawaita, su buɗe, amma ba sa jan ruwa yadda ya kamata, don ƙwayoyin garkuwar jiki sun cunkushe su. Ruwa ya kwanta, bango ya yi kauri, hanya ta ƙuntata, kitse ya nannaɗe hanjin. Maiƙon abinci ba ya shiga jiki sosai, wannan na cikin dalilan rama. Kowane mai lambun rake ya san abin da kan faru in magudana ta toshe.

Abin lura ga jama'a da ma'aikatan lafiya shi ne, tarin fuka ma yakan kama hanji da kaluluwar ciki, alamunsa kuwa kusan ɗaya ne da na ciwon Crohn. Maganinsu ya saɓa. Ciwon kumburin hanji ana kwantar da shi da magunguna masu rage ƙarfin garkuwar jiki, irin su kortizon. In aka ba mai tarin fuka irin wannan magani shi kaɗai, cutarsa sai ta bazu. Don haka shan ƙwaya bisa zato ganganci ne.

Duk wanda zawonsa ya kai wata guda, ko ya ga jini, ko yana ramewa ba dalili, ya tafi asibitin Matamaye a auna bayan gidansa da jininsa, a bincika masa tarin fuka. In abin ya fi ƙarfin nan, a tura shi babban asibitin Damagaram. Ciwon kumburin hanji ba a raba mutum da shi gaba ɗaya, amma wanda aka gano nasa da wuri, ya kuma riƙe magani bisa umarnin likita, yana iya komawa gonarsa ya ci gaba da neman abincin iyalinsa.