Fort Laramie: Barikin da Ba Shi da Ganuwa

A jihar Wayomin ta ƙasar Amurka, kusa da mahaɗar kogin Laramie da kogin North Platte, akwai wani tsohon bariki da ake kira Fort Laramie. Fataken fatu ne suka kafa shi a 1834. A 1849 gwamnati ta saye shi ta zuba sojoji, domin su tsare ayarin masu ƙaura zuwa Oregon da Kalifoniya a kekunan shanu. Nan matafiya suke yada zango, su gyara keke, su aika wasiƙa gida.

Baƙon da ya je da zaton ganin ganuwa zai sha mamaki, gama gidaje ne kawai kewaye da filin fareti. Mafi tsufa shi ne Old Bedlam, gidan hafsoshi da aka gina a 1849.

Amma ɗalibai, kada gine-gine su ɗauke muku hankali daga babbar maganar. A nan ne a 1868 gwamnati ta ƙulla yarjejeniya da kabilar Lakota, 'yan asalin ƙasar, cewa duwatsun Black Hills nasu ne. Da aka ga zinariya a duwatsun a 1874, sai alkawari ya bi ruwa. A 1877 aka ƙwace su. A 1980 Kotun Ƙolin Amurka ta ce a biya diyya, su kuwa suka ƙi karɓar kuɗin, suka ce ƙasar kakanninsu ba ta sayarwa ba ce. A ganina, wanda ya zaga barikin bai ji wannan ba, bulo da katako kawai ya gani.

Sojoji sun tashi a 1890, wurin kuma ya zama na tarihi. Ba a yarda a kafa tanti a cikinsa ba. Mai son kwana sai ya nufi gandun Guernsey da ke kusa, inda aka tanadi filin zango a bakin tafki. Ya ɗaure tantinsa da kyau saboda iska, ya riƙe bargo ko da lokacin zafi ne, ya kuma kula da macizai cikin ciyawa.

Da safe ya leƙa sawun kekunan nan, inda ƙafafunsu suka ci dutse har ya yi rami mai zurfi, sa'an nan ya ƙarasa dutsen Register Cliff, inda matafiyan suka sassaƙa sunayensu kafin su wuce yamma.