Gwiwar Hannun Yaro: Abin Lura Ga Mai Ciki Da Maigidanta

Uwargida, idan ciki ya tsufa sunkuyawa takan zama aiki. Ga ɗan yayenki yana kuka a ƙasa, sai ki miƙa hannu ki finciko shi ta tsintsiyar hannu, ko ki ɗago shi da hannu ɗaya ki wurga a baya, kamar yadda kika ga iyaye suna yi. Kafin ki sake yin haka, ga yadda Allah Ya tsara wannan hannun.

Daga kafaɗa zuwa gwiwar hannu ƙashi ɗaya ne. Daga gwiwa zuwa tsintsiya kuwa, wato sangali, ƙasusuwa biyu ne a jere. Wanda ke ɓangaren babban yatsa yana da kai kewayayye, shi ke juyawa idan za ki tara hannu ko ki kife shi. Wata jijiya ce mai kamar zobe take riƙe kan nan a mazauninsa. A jikin yaron da bai kai shekara 5 ba zoben bai yi ƙwari ba, fizga ɗaya sai ya zame ya maƙale cikin gaɓar. Yaro zai ƙwalla ƙara, ya saki hannun a jikinsa, tafin na kallon ƙasa, ko alewa aka miƙa masa da ɗayan zai karɓa. Galibi babu kumburi. Likita kan mayar da shi da ɗan juyi, ba a jima ba yaro ya koma wasa. Kada a ja, kada a murza a gida. Ki riƙa ɗaukarsa ta ƙarƙashin hamata biyu, in ba ki iya sunkuyawa ki zauna tukuna, ko ki kira wani.

Karaya kuwa maganarta daban, maigida kai ma ka saurara. Lokacin mangwaro yaran Ƙafin Maiyaki da Tudun Wada, har su Doguwa, ba sa rabuwa da bishiya. Wanda ya faɗo ya dafa ƙasa da tafi, sau da yawa ƙashin yakan karye ne dab da saman gwiwar hannu, inda babbar jijiyar jini take wucewa ta gaba. Ita ke ciyar da tsokokin sangali, su wajen 20. Ki dunƙule hannunki ki taɓa sangalinki, za ki ji suna motsi: yawancin ƙarfin yatsu daga nan yake fitowa. Tsokokin suna cikin wata fata mai tauri wadda ba ta buɗewa. Idan wurin ya kumbura, aka kuma zo aka jera kara aka ɗaure tamau, jini ba ya samun hanya, cikin kamar awa 6 tsoka ta fara mutuwa. Ƙashi ya haɗe, amma yatsu su ƙanƙance su lanƙwashe har girma, wani ma hannun ya ruɓe sai an yanke. Tun 1881 wani likitan Jamus mai suna Volkmann ya bayyana wannan nakasa.

Ba raina masu ɗori muke yi ba, mun san suna kusa kuma kuɗinsu da sauƙi. Amma idonsu ba ya ganin jijiyar jini, shi ya sa karayar gwiwar hannu take bukatar hoton ƙashi da likita.

In an riga an ɗaure, a duba yatsu. Ciwo yana ƙaruwa maimakon raguwa, musamman idan an miƙar da yatsun? Sun yi sanyi, ko fari, ko sun fara duhu? Yaro ya ce ba ya jin su? A sassauta ɗaurin nan take, ko da tsakar dare ne, a nufi babban asibitin da ya fi kusa. Kada a ba shi abinci a hanya, don wataƙila a yi masa aiki. In sun ce a wuce Kano, a kama hanyar Kwanar Ɗangora zuwa Asibitin Ƙashi na Dala ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ba sai gari ya waye ba.